Yadda Onarabul Ya Kamu da Son Bishiya

A duk majalisa babu mai ƙaunar muhalli kamar Onarabul Ba-a-Katse-Ni. Shi da kansa ya faɗa, a gaban makirfo huɗu, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili. Wai tun yana goye yake son ganye. In ya ga an sare reshe, ji yake kamar yatsansa aka datse. Mahassada ne kawai ke tuna bishiyoyi goma sha ɗaya da ke jere a layinsu, waɗanda ya sa aka kwantar saboda suna tare allon hotonsa. Wannan ba sara ba ne, in ji shi, gyaran gani ne.

Sunan a zauren majalisa ya samo shi. Zango biyu ya yi a kan kujera bai kawo ƙudiri ko ɗaya ba, amma duk wanda ya yi tari yana cikin jawabi, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba a katse ni." Ya faɗa wa kakakin majalisa. Ya faɗa wa likitan da ke auna masa jini. A gida kuwa, matarsa Hajiya ta ji kalmar nan har ta fi sallama yawa a kunnenta.

Babbar jam'iyyarsa ta kore shi ne a kan ɗan abu kaɗan. An gan shi a taron 'yan adawa sanye da hularsu. Ya ce rana ce ta yi zafi, hular da ke kusa ya ɗauka. Kwamitin ladabtarwa ya ba shi dama ya kare kansa, ya kuwa kare. Yana cikin karewa 'yan kwamitin suka yanke hukunci, suka fita ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi yana yi wa kujeru bayani.

To ga zaɓe na tafe. Wanda ba shi da jam'iyya ba shi da takara, wanda ba shi da takara kujera ta tafi. In kujera ta tafi, jiniya ta bi ta, masu gadin ƙofa su bi jiniya, a wayi gari mutum yana layin shan mai kamar kowa. Onarabul ya ƙwanƙwasa ƙofar jam'iyyu uku. Biyu suka ce sun cika. Ta ukun ta ce shugabanta ya yi tafiya, alhali takalmansa na bakin ƙofa.

A makon ne son muhalli ya faɗo masa kamar zazzaɓi.

Akwai wata 'yar ƙaramar jam'iyyar masu kare muhalli da mutane ke kira Jam'iyyar Ganye. Ofishinta shago ɗaya ne, tsakanin mai faci da mai ɗinki. Kujerun roba tara, biyu an ɗaure ƙafafunsu da waya. Fanka ɗaya, ita ma ba a kunna ta, don tattalin wuta. 'Ya'yanta ashirin da uku. Amma alamarta na kan takardar zaɓe, kuma ba ta taɓa tsayar da kowa ba. Onarabul ya yi lissafin da ya fi kowane lissafi sauƙi: in ya shiga da mutum ashirin da huɗu, ranar fid da gwani hannuwansa sun fi nasu. Ya tattaro direbobi, da masu gadi, da ƙannen da ke cin abinci a gidansa. Aka ƙirga aka samu ashirin da uku, sai ya ce wa Hajiya ta yafa mayafi ta cike gurbi.

Da motoci shida ya isa. Ba a kashe ko ɗaya ba, don kada sanyin ciki ya gudu. Hayaƙi ya cika shagon, tsofaffi suka kama tari, shi kuwa ya hau jawabi.

"'Yan'uwana masu ganye, ban zo don kujera ba. Kujera ce ke bi na. Na zo ne saboda duniya tana ɗumama, kuma ni na fara lura tun kafin masana, domin babu wanda ya kai ni zufa a majalisa. Daga yau, duk ganyen da ya faɗi a ƙasar nan, a kaina ya faɗi."

Shugaban jam'iyyar wani dattijo ne da ake kira Mai Keke. Ya jira har yatsan Onarabul ya sauka, sannan ya ce, "Madalla, ranka ya daɗe. Sai dai mu nan ba ma ba da kati. Dashe muke bayarwa."

Ya nuna jerin baƙaƙen ledoji a gindin bango, kowace da ɗan tsiro mai ganye huɗu. Ƙa'idarsu ke nan tun kafuwarsu. Sabon shiga zai karɓi ɗaya ya dasa a gidansa. Ranar fid da gwani, wata uku masu zuwa, za a bi gida-gida a duba. Wanda tasa ke raye ya zama ɗan jam'iyya, ya zaɓa a zaɓe shi. Wanda tasa ta mutu ya karɓi wata ya jira wani zangon.

Onarabul ya yi dariya har tumbinsa ya gaisa da tebur. "Shi ke nan? Ni da na ƙaddamar da gada?"

"Wace gadar, Alhaji?" in ji Hajiya daga bayansa.

"Ba a katse ni."

Aka raba dashe ashirin da biyar. Ashirin da uku aka zuba a but ɗin motar ƙarshe, kowa na zaton wani zai sauke. Hajiya ta tafi da nata a hannu, ta cusa shi a bayan kicin inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta ci gaba da harkarta.

Dashen Onarabul kuwa dashen babban mutum ne, ba a dasa shi a ɓoye. A ƙofar gida aka yi bikin, da rumfuna uku da masu ɗaukar hoto biyar. Ya riƙe shebur da safar hannu har aka gama ɗauka. Ya sa aka juye wa tsiron taki buhu guda, don kada a ce shukarsa na cin abincin talaka. Ya sa aka shafe gindin da siminti har wuya, don kada laka ta ɓata takalman baƙi. Ya sa aka yi masa rumfar kwano, don rana ba ta dace da shukar Onarabul ba. Aka shafa wa ɗan karan koren fenti, aka kafa allon dutse mai ɗauke da sunansa da muƙamansa bakwai. Ruwa ne kaɗai ba a samu wanda aka ɗora wa ba.

Tsiron ya jure wannan karramawa iya ƙarfinsa, sannan ya rasu.

Da wani ne, da ya karaya. Onarabul ya saba da aikin da ya mutu kafin a zo dubawa, kuma ya san maganinsa. Ana gobe fid da gwani ya aika kantin kayan adon falo, ya ce a kawo masa bishiyar da ta fi kowace kyau. Bai faɗi iri ba, domin bai taɓa tambayar irin da aka ba shi ba.

Washegari 'yan Ganye suka iso, wasu a ƙasa wasu a keke. Suka tarar da bishiya ta kai kafaɗar mutum, ganyenta na sheƙi, da lemo goma sha biyu a jiki, duk girmansu ɗaya.

"Ku gani da idonku," in ji Onarabul. "Abin da wasu ke yi a shekara biyar, na yi a wata uku. Wannan shi ake kira ƙwarewa."

Mai Keke ya zagaya ta sau biyu. Ya ja ganye ɗaya, ganyen ya miƙe ya koma. Ya ƙwanƙwasa lemo ɗaya da farce, ya ji ƙara.

"Ikon Allah," ya ce. "Ranka ya daɗe, gwaiba muka ba ka."

"Ta canza sheƙa," in ji wata tsohuwa daga baya. "Ta ga mai gidan."

Aka tambayi sauran dashen. Aka buɗe but, aka samu ledoji ashirin da uku da busassun tsinkaye a ciki. Mai Keke ya fara gyara ƙafar wandonsa zai hau keke, sai Hajiya ta leƙo.

"Baba, akwai wata a baya, in ba za ku raina ba."

Suka bi ta. Ga gwaiba ta kai gwiwa, ganye shar, har da sabon toho. Tsohuwar nan ta dubi shukar, ta dubi Hajiya, ta ce, "'Yata, ke fa? Mun daɗe muna neman wanda zai tsaya mana. Me za ki yi in an zaɓe ki?"

"Kwatar layinmu," in ji Hajiya. "Zango biyu ina faɗa wa wani, ba a bar ni na kai ƙarshe ba."

Hannu ashirin da uku suka tashi. Nata ya cike ashirin da huɗu, adadin da Onarabul ya lissafa tun farko.

Da baƙi suka watse ya same ta a falo, ya gyara tsayuwa irin ta majalisa. "Hajiya, don zaman lafiyar jam'iyya da haɗin kan iyali, za ki fito gobe ki sanar cewa kin janye wa..."

"Alhaji, ka san fasta nawa za mu buga? Ina ganin a rage motocin nan zuwa biyu. Sannan kai..."

"Ina magana."

Ta ɗaga yatsa, a hankali, kamar wadda ta daɗe tana gwaji. "Ba a katse ni."

Ba ta bar shi haka ba, mace ce mai tausayi. Ta ba shi muƙamin mai ba da shawara na musamman kan ban-ruwa, tare da bokiti ɗaya da sabon dashen da Mai Keke ya aiko. Kullum da safe ana ganinsa a bayan kicin, yana yi wa ganye huɗu jawabi, su kuma ba sa tari.

Bishiyar roba tana nan a ƙofar gida da allonta, ya hana a cire. Yana da gaskiya. A zango biyu da ya yi yana wakiltar jama'a, ita ce kaɗai aikinsa da aka kammala.