Ribaɗin da Na Saya wa Inna

Saƙon banki ya same ni ina shan shayi a unguwar Mansur, nan Makka: hannun jarina ya kawo riba. Na miƙe tsaye na yi kabbara.

Bayan rasuwar Inna na yi niyyar yi mata sadaka mai gudana. Wani abokin aikina ya nuna min wani kamfanin Turawa mai gidajen kula da tsofaffi. Na ɗauka irin ribaɗin Makka ne, inda tsofaffi marasa galihu suke zama kyauta. Ban tambayi kowa ba, na sayi hannun jarinsa da duk abin da na samu wajen yi wa alhazai hidima a Arfa.

Ranar ribar na sayi tsire, na tara ƙawayen Inna, na gyara murya na sanar da su cewa sadakar ta karɓu, tun a duniya an fara biya na.

Hajiya Gambo, aminiyar Inna, ta ajiye tsinkenta. "Ɗan nan, gidan da ake zama kyauta, ina yake samo riba?"

Ƙanwata ta duba a waya. Ashe haya tsofaffin suke biya, mai tsada kuwa. Wasu har da karnukansu suke tarewa.

Tun rasuwar ban ji matan nan sun yi dariya ba sai ranar. Tsiren ma ba su rage ba.

Har yau in na wuce Hajiya Gambo sai ta ɗaga murya: "Mai gidan haya, ya Turawanka? Sun biya?"

Suna biya kuwa, ba fashi. Sadakar Inna ce har yanzu ban yi ba.