Yadda Na Rufe Bakin Matan Banda

Ba zan taɓa mantawa da kakar shekarar da aka rufe iyaka da Nijar ba. Ruwa ya cika tafki har ya taɓo gonakin shinkafa, kifi ya samu, amma kasuwa ta kwanta. Masu zuwa daga ƙetare su kwashi bandar kifi sun ɗauke ƙafa, direbobi kuma suna tsoron hanya saboda 'yan bindiga. Kowa a Yelwa fuska a ɗaure. A wannan hali ne ni, da hankalina da furfurata, na tafka abin da har yau in na tuna sai na ja mayafi na rufe fuska.

Ɗiyata ta fari tana aiki a Abuja. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita, balle in ce, "Wai mi kike yi a ofishin nan?" Sai dai in ce "yarinyar nan". Duk abin da na sani game da aikinta tsintowa na yi. In ta zo hutun Sallah sai in ji ta a bayan ɗaki tana waya ƙasa-ƙasa: tsaro, iyaka, jakada, rahoto. Wata rana har na ji ta ce, "A'a, ba za mu sa sunan wanda ya gaya mana ba." Ni kuwa ba na rabuwa da rediyo, kuma na yi ajin yaƙi da jahilci har na karɓi takardar shaida (tana nan rataye a bango, cikin gilashi). Na haɗa wannan da wancan, na yanke hukunci ba tare da ko ɗigon shakka ba: yarinyar nan jami'ar farin kaya ce.

Sai ga shi ta bugo waya ta ce za su zo Yelwa ita da mai gidanta na ofis, suna son jin ta bakin mata masu bandar kifi kan rufe iyaka da matsalar hanya. Ta roƙe ni in gaya wa Hajiya Tumba, shugabar matan banda, ta tara su. Ta ƙara da cewa wannan ce tafiya ta farko da aka ba ta ta jagoranta.

Na isar da saƙo. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Matan nan maƙwabtana ne, kuma na san da yawansu ta ɓarauniyar hanya suke aika kifi tun da aka rufe iyaka. In suka saki baki aka kwashe su fa? Sai na jawo Hajiya Tumba gefe na ce, "Hajiya, ke kaɗai zan gaya wa. Ku iya bakinku." Na gaya mata dalili. Daga nan na wuce gidan wata, ita ma ita kaɗai na gaya wa. (Ni ce fa wadda ake yabo a unguwa da rashin surutu.)

Ranar taro rumfar Hajiya ta cika. Yarinyar nan ta ajiye rikoda a kan tabarma, mai gidanta, wani dattijo da suke kira Dakta, ya zauna a gefe. Ni kuma na kame a baya ina jin kaina kamar wadda ta ceci gari.

Yarinyar nan ta fara: "Iyayena, yaya kasuwa a bana?"

"Sai godiya."

"Hanya fa, direbobi suna zuwa?"

"Lafiya lau."

"To rufe iyakar nan, mi ya jawo muku?"

Wata da na san ta yi kuka da hawaye a tsakar gidana kan kifinta da ya lalace ta gyara zama ta ce, "Ashe an rufe?"

Dakta ya duba agogo, ya dubi yarinyar nan. Ta sassauta murya ta ce, "Haba iyayena, ni fa ɗiyarku ce. A nan kuka goye ni."

Hajiya Tumba ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce, "Ɗiyarmu ce ke, shi ya sa ma muka zo. Amma Innarki ta ce ke farin kaya ce, duk wadda ta yi magana sai dai a kai mata tuwo gidan yari."

Duk rumfar ta juyo gare ni. Yarinyar nan ta ce, "Inna, ni?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da takalmi.

Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce, "Hajiya, ko kaza ba mu da ikon kamawa. Cibiyar nazari ce tamu. In manya suka ɗauki mataki tsakanin ƙasa da ƙasa, mu ne muke bin gari-gari mu ji yadda ya taɓa mutane, mu rubuta, mu kai wa ma'aikatar harkokin waje da jakadu da 'yan majalisa shawara. Wani lokaci su karanta, wani lokaci su ɗora kofin shayi a kai. Sunanku kuwa ba ma sawa, don kada wani ya taɓa ku."

Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Allah Sarki. Ai ko farin kayan ne haka zai ce." Matan suka yafa mayafansu suka watse.

Da yamma na kai wa yarinyar nan tuwo na ajiye, na juya zan fita. Ta ce gobe da azahar za su koma, kuma ba ta da abin da za ta rubuta. Sai ta ce, "Inna, da kin tambaye ni." Ba ta ƙara komai ba. A nan na gane cewa takardar da ke bango ta koya mini karatu, amma ba ta koya mini tambaya ba, kuma kunyar da ta hana ni buɗe baki a ɗakina ba ta hana ni buɗe shi a gidajen mutane ba.

Da safe na sa ta gaba har bakin ruwa, inda mata ke hura wutar banda. Na zauna a kan kifaffen kwando, na karɓi rikodar da hannuna. Na faɗi yadda ni kaina na aika kifi ta ɓarauniyar hanya, da yadda rabinsa ya ruɓe kafin ya isa. Sannan na ce, "To, kun ji. In kamu ne, Bilkisu ta fara da uwarta."

Hajiya Tumba ta dafa ƙirji ta ce, "Yau ke ce da kiran sunan?" Ta goge hannu a zani, ta miƙo. "Kawo na'urar nan. Ni nawa labarin ya fi naki tsawo."