Yadda Ƙahon Ɓauna Ya Karkata Daren Zaɓe

Ku gyara zama, ya ku mutanen Gidan Ƙarau da baƙin da dare ya riska a cikinta, za a warware tarihin Ilu Mai Guga, ɗan Mati Mabugi wanda ƙarar bugunsa ke tayar da unguwa kafin zakara, jikan Gagare Marini da ya koma ga Ubangijinsa hannuwansa shuɗɗa har gwiwa, tattaɓa-kunnen wani bawan Allah da masu ruwaya suka manta sunansa amma suka haɗu a kan cewa bai taɓa fita da riga a yamutse ba. Ilu na Tabawa, amirin gawayi, wazirin sitati, mai kwantar da shadda ko ta zo da gardama, gwarzon da ya ƙone riguna biyu kacal cikin shekara talatin, su ma masu su ne suka ja shi da surutu!

Baiwa biyu Allah ya yi wa Ilu. Ta farko ninki: idan ya ninke riga ya danna ta da tafin hannu, gefenta kan fito da kaifin da za a yanka albasa da shi, kuma ko a kasuwar wani gari ka ga ninkin ka san hannunsa ne. Ta biyu gashin baki, wanda ya yi rainonsa shekara ashirin da bakwai da man alayyadi da murza, har ya miƙe dama da hagu ya lanƙwasa sama, jama'a suka raɗa masa suna Ƙahon Ɓauna. Matarsa Tabawa kanta ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba.

To, Ilu ɗan jam'iyyar Tulu ne na a-mutu. Jatau Wanzami kuwa, ɗan gwaggonsa, taubashin da al'ada ta ba damar ya zage shi tas ba a ce masa kanzil, na jam'iyyar Tsani ne, kuma shi kaɗai ne mai aska a garin. Ana sauran mako guda zaɓe suka kaure da musu a gindin ɗorawa, gaban Mai Unguwa Tanimu, sai Ilu ya miƙe ya murza ƙahonsa ya ce, "In Tulu ya faɗi a akwatin garin nan, aske ƙahon nan tas a bainar jama'a! In ya ci, wata guda kana kai min ƙunshin wanki rafi a bisa kanka!" Jatau ya ce ya ji ya yarda. Daga ranar, kullum sai ya zo ƙofar shagon guga yake wasa askarsa.

Ranar gwabzawa Ilu ya fito cikin farar riga mai tsayuwa da kanta, ya shiga layi, ya karɓi takarda, ya tsoma babban yatsa cikin tawada har ta malalo, ya dangwala wa Tulu dangwalen da ya girgiza tebur. Sannan ya dubi yadda mutane ke cukuikuye ƙuri'unsu kamar ƙunshin ƙuli-ƙuli, ransa ya sosu. Haba, takardar hukuma guda! Ya haɗa samanta da ƙasanta baki da baki, ya danne da tafin hannu, ya bi da farce, ya sake ninkawa har sau biyar, ya soke kusurwa cikin kusurwa, na bayansa suna ta "Malam, a taimaka, rana!" Ya fito yana shelar cewa a duk faɗin ƙasar nan babu ƙuri'ar da ta shiga akwati da mutunci irin tasa.

Da yake kayan zaɓe sun makara a bakin kogi, ba a gama jefawa ba sai bayan magariba, alhali sauran ƙasa ta riga ta fara ƙidaya. Sai Ilu ya kafa sansani a ƙofar shago: benci biyu, rediyo mai eriyar da aka ƙara wa tsawo da wayar shanya, da guntun gawayi don rubuta adadi a bango. Rundunar Tulu ta zauna damansa. Rundunar Tsani ta zauna hagu, Jatau a gaba, zabirarsa ta kayan aski a kan cinya.

Bushara ta fara zuwa daga ƙauyukan bakin kogi: Tulu ya lashe mazaɓu huɗu a jere. Ilu ya yi tsalle ya dire, ya ɗaga dutsen guga sama ya yi ruri, "Tulu cike yake!" Ƙahon Ɓauna ya miƙe har yana neman tsone masa ido. Ba a gama tafi ba sai ga sakamakon garuruwan kan dutse, Tsani ya share su kamar an yi gayya, rundunar hagu ta ɗauki "Tsani sai sama!" Jatau kuwa aska kawai ya zaro ya gwada kaifinta a gashin hannunsa. Wallahi na ga ƙahon nan da idona yana saukowa a hankali.

Can wani masani a rediyo, mai maganar hanci, ya bayyana cewa masu zaɓe sun karkata zuwa Tsani da kashi huɗu cikin ɗari. Ilu ya dubi rediyon, ya ga lalle ta ɗan jingina hagu, wajen su Jatau. Subhanallahi, ashe maƙarƙashiyar a gida take! Nan take gwarzo ya yi dabarar da manyan kwamandoji ba su taɓa tunaninta ba: ya cusa murfin kwalba ƙarƙashinta, ta karkata dama. Ko minti biyar ba a yi ba aka ce Tulu ya ƙwace babban birni. Sai yaƙi ya koma kan murfin kwalba, hagu su zare, dama su mayar, mazaɓu suna faɗuwa suna tashi, bango ya yi baƙi ƙirin da lissafi, Mai Unguwa yana ta "Ku ji tsoron Allah, rediyon aro ce!" Tabawa ta aiko da tuwo sau biyu, sau biyu yana komawa ba a buɗe ba.

Ana cikin haka aka ce an fara ƙirga akwatin gari. Rundunonin biyu suka kwasa a guje zuwa filin makaranta, inda malamar zaɓe ke ɗaga ƙuri'a ɗaya-ɗaya a hasken fitila, jama'a suna ƙirgawa da baki ɗaya. Tulu ya wuce da tara. Tsani ya kamo, ya wuce da uku. Tulu ya sake kamowa. Zufa ta narkar da sitatin rigar Ilu har ta kwanta masa a jiki. Da aka kai ƙarshe, Tulu ɗari da arba'in da uku, Tsani ɗari da arba'in da uku, saura ƙuri'a ɗaya tak a gindin akwati.

Malamar ta ɗago ta. 'Yar mitsitsiya ce, mai kusurwa huɗu, gefenta da kaifi. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, "Ninkin Ilu!" Daɗi ya kashe gwarzo, ya rungume wanda bai sani ba, ya yi wa kansa kirari, ya ce a nemo wa Jatau gammo. Malamar ta yi ta fama da ninkin, ta sa farce, ta sa haƙori, da ƙyar ta warware.

Ga dangwalen Ilu a kan Tulu, ɓaro-ɓaro, a saman takarda. Ga kuma ɗan'uwansa sak a ƙasa, inda ɗanyar tawada ta sauka da aka haɗa baki da baki aka danne da tafin da ya shekara talatin yana danna shadda. Daidai kan Tsani ya zauna, ko karkacewa bai yi ba, don Ilu ba ya ninkin banza.

"Lalatacciya," in ji malamar zaɓe, ta ajiye ta gefe.

Sai Jatau ya faɗi ƙasa yana dariya har da shure-shure. Ni kaina tausayi ya kama ni, amma dariyar ta fi ƙarfina.

Mai Unguwa Tanimu ya yi gyaran murya ya yanke hukuncin da za a daɗe ana karantawa: tunda an yi kunnen doki, Tulu bai ci ba bai faɗi ba, kowa ya ɗauki rabin alkawarinsa. Jatau zai kai wanki rafi mako biyu. Ilu za a aske masa ƙaho ɗaya, ɗayan kuma ba mai taɓa shi sai Jatau ya cika mako biyunsa.

Aka zaunar da gwarzo a kan bencin 'yan aji ɗaya. Aska ta wuce sau uku, shekara ashirin da bakwai na ɓangaren hagu suka zubo kan farar riga. Daidai lokacin wani ya iso da rediyo a kafaɗa yana ihu, an ce Tulu ya lashe ƙasa baki ɗaya, gobe da hantsi duk 'yan jam'iyya su hallara a ɗauki hoto. Tabawa ta kutso cikin taro, ta ga rabin leɓen mijinta karo na farko a rayuwarta, ta toshe baki da mayafi ta juya da sauri, kafaɗunta suna rawa.

Ilu ya shafa inda babu, ya shafa inda akwai. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Jatau, don zumunci, ƙarasa ɗayan."

"A'a, ɗan kawu. Wannan na Tulu ne, halak ɗinsa ya ci. Ni ba na maguɗi."

"To yaushe za ka fara kai wankin?"

Jatau ya goge aska, ya mayar cikin zabira, ya rataya.

"Wuyana na ɗan ciwo," in ji shi. "Mu ga bayan damina."