Yaƙin Kujera ta Goma Sha Biyu

Da sunan Mai ɗaukaka wanda Ya so, ga tarihin Honarabul Tanimu, kansilan mazaɓar Rafin Kuka, ɗan Jatau mai awon gero, ɗan Barmo wanda ya taɓa riƙe wa Bature Di'o lema wuni guda hannunsa bai karkata ba, ɗan Gajere wanda zuriyar ta gaji sunansa da tsayinsa. Tanimu guguwar zauren majalisa, mai goyon bayan ƙudurin da bai karanta ba, bango madafar 'yan fansho, ko da yake har yau ba wanda ya dafa ya ji tauri.

A shekara ta biyu ta kansilancinsa aka kira shi babban birnin jiha, bitar kwana uku a otal, domin a koya wa kansiloli sa ido kan asusun fansho. A bakin tasha Malam Yusha'u ya tare shi, tsohon hedimastan da ya koya masa riƙon fensir, yanzu kuma shugaban 'yan fanshon mazaɓar. Ya ce, "Tanimu, bara ka ce ka je irin wannan, aka gan ka a gidan biki. Bana sai mun gan ka a hoto. In babu, mun san inda za mu kai ƙuri'unmu." Tsofaffin nan da iyalansu sun kai ɗari huɗu. Tanimu da tazarar sittin ya ci zaɓe.

To, al'adar bita sananniya ce: da an gama lacca ta farko a fita ɗaukar hoto, manyan baƙi a kan kujeru, sauran jama'a a tsaye a baya. Gajeren mutum a sahun baya kuwa hularsa kaɗai ke shiga tarihi. Saboda haka sadaukin ya kafa sansani kusa da ƙofa, yana leƙen fagen fama ta taga, yayin da wata masaniya ke bayanin yadda sunayen matattu kan zauna daram a jerin masu karɓar fansho, na rayayyu su ɓace. Bai ji ko harafi ba. Yana ƙirga kujeru. Goma sha biyu aka jera, manyan baƙi goma sha ɗaya ne. Saura guda, can ƙarshen hagu.

Amma ba shi kaɗai Allah Ya hore wa ilimin lissafi ba. Honarabul Lurwanu na Dutsen Kura, wanda tumbinsa kan riga shi isa ko'ina da taku biyu, shi ma ya ƙyalla ido.

Da aka tafa, sai Tanimu ya naɗe hannayen babbar riga, ya keta rundunar kansiloli kamar yadda allura ke keta buhu, ya wuce teburin shayi bai waiwayi sambusa ba, sadaukarwar da masu tarihi ba su gama jinjina mata ba, ya tsallake wayar lasifika, ya bar takalmi guda a can shahidi, yana kururuwa, "Rafin Kuka ba ta tsayuwa a baya!" Lurwanu ya buɗe hannuwa ya tare hanya, ya daka tsawa, "Kauce, ɗan tsurut!" Nan gadon kakanni ya yi rana. Tanimu ya sulale ta ƙarƙashin hammatar abokin gaba, ya faɗa kan kujerar, ya damƙe ta da hannu biyu.

Mai hoto ya duba, ya ce, "Ranku ya daɗe, a matso tsakiya." Kowa ya ja kujerarsa ya matsa. Tanimu, da yake gogaggen ɗan siyasa ne, ya gane makirci: ɗaga ɗuwawu ko da taƙi ɗaya ne, Lurwanu na bayansa. Ya kafe. Aka ɗauka.

Sauran kwana biyun ya yi su cikin barcin mayaƙin da ya ci gari, a kujerar baya, ƙarƙashin na'urar sanyi. Aka ba shi satifiket da hoto a ambulan, ya rantse ba zai buɗe ba sai a gaban jama'arsa.

A gindin ɗorawar sakatariya ya miƙa wa Malam Yusha'u. Tsohon ya gyara tabarau. Ga manyan baƙi. Ga Lurwanu a baya, cikakke, yana murmushi. A ƙarshen hagu kuwa, inda takarda ta ƙare, ga gwiwa guda da gefen shadda.

Malam ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Taka ce, na shaida. Na sha sa ta a ƙasa a aji uku. To, ita me ta jiyo game da sunana da ya ɓace wata tara?"

Guguwar zauren majalisa ya dubi gwiwarsa.

Malam ya mayar da hoton cikin ambulan, ya juya ga na kusa da shi, ya tambaya ko har yanzu mai kemis ɗin nan na bakin kasuwa yana sha'awar takara.