Taimakon da Na Yi wa Masu Hoto

Wawan labarin nan ni ne, kada kowa ya wahala da nema. Mijin ɗiyata ne ya kai mu hutu, ni da Hajiya, wani tsibiri cikin teku inda tsuntsaye ke kwanci kan ƙwai. Mai yi mana jagora ya yi dogon gargaɗi da Faransanci. Surukina ya ce, "Baba, in fassara maka?" Na ce ya bari, ai na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji uku a Guna.

Muka tarar da Turawa durƙushe da na'urar hoto, ko tari ba mai yi. Nan take na gano damuwarsu: tsuntsayen sun ƙi tashi. Ni kuwa shekara arba'in ina korar tsuntsu a gonar hatsi. Na tuɓe takalmana, na gwara su, na kwarara ihu.

Sama ta yi duhu da tsuntsaye, ƙwai suka zauna a rana, kashi ya sauko mana kamar ruwan tsakiyar damina. Aka tasa ƙeyarmu zuwa jirgi, surukina yana ta ba da haƙuri, ya kasa haɗa ido da ni.

Na ce wa Hajiya ko banza dai murya tana nan. Ta goge mayafinta ta ce, "Malam, na gonarmu ba su taɓa jin tsoronka ba. Masu jego kawai ka fi ƙarfi."