Yadda Za Ka Hana Likita Gano Ciwonka Alhali Matarka Na Zaune a Gefe

Ka rantse wa matarka ka daina farautar aladun daji, amma duk Asabar kana jeji kana fiɗa babu ko safar hannu? Yanzu zazzaɓi na zuwa yana tafiya, ita kuma ta ce ƙafarta ƙafarka zuwa asibiti? Kwantar da hankalinka. Dabarar nan na koya wa Warwick, ƙanin matata, a nan Charters Towers, kuma ina tabbatar maka likita ba zai gano komai ba.

1. Ka san abin da kake karewa

Tun da alade ya farke wa Warwick cinya, matarsa Raelene ta ce, "Ka sake bin alade, ka neme ni gidan yayata a Townsville." Ba ta wasa. Zazzaɓi dai ana shan magani ya sauka, mace in ta hau mota sai addu'a.

2. Ka dogara da ƙarancin cutar

Bakkale, ciwon da ake ɗauka daga jinin dabba, baƙo ne a ƙasar nan. Likitanka sau ɗaya ya gamu da shi, a ɗakin jarrabawa. Zai ce mura ce. Ka koma, ya ce gajiya ce. Ka yi godiya da ladabi, ka karɓi farasitamol.

3. Ka je ranar da jikin ya yi sanyi

Zazzaɓin nan yana ɗaukar hutu. Ka daidaita zuwanka da hutunsa, ma'aunin zafin jiki ya ƙaryata matarka.

4. Tambayar dabbobi

Nan ake faɗuwa. Likita ya ce, "Kana taɓa dabbobi?"

Warwick ya dubi silin ya ce, "Kyanwar gida kawai."

Aka kai kyanwa wurin likitan dabbobi, aka aske mata ciki, aka ɗebi jininta. Har yau kyanwar ba ta shiga ɗakin da Warwick yake. Kai ma ka samu wanda za ka ɗora wa, wanda ba ya magana.

5. In kumburi ya sauka inda ba a nuna wa mutane

Gaskiya wannan matakin ban gama tsara shi ba. Likita ya duba, ya gyara tabarau, ya ce, "Ina kake zuwa ranakun Asabar?"

Warwick ya sake duban silin.

Likita ya juya wurin Raelene, murya ƙasa ƙasa: "Ke ma gara a gwada ki. Irin wannan, wani lokaci daga waje ake kawo shi."

Raelene ta ajiye jakarta. "Wace ce ita, Warwick?"

Wallahi na ji masa tausayi. Ya share zufa, ya ce, "Alade ne, Rae. Aladu ne kawai."

Likita ya yi tsalle kamar ya ci caca, yana neman kwalbar ɗibar jini, yana kiran abokan aikinsa su zo su gani.

Raelene ta ɗauki makullin mota. "Da mace ce, da na je na same ta mun yi magana."

Gargaɗi

Ni ba likita ba ne, kuma ban taɓa cewa dabarar tana tsare aure ba, likita kawai na ce. Duk abin da ya biyo baya, kumburi ko kaɗaici, naka ne. Kada kuma ka nufo gidana da jaka. Warwick na ɗakin baƙi, yana jiƙa mini katifa da gumi.