Ranar da Na Je Filin Jirgi Neman Mai Lodi

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da awa guda ta cinye mini mutuncin shekara ashirin. Ni dillalin albasa ne a Madawa, kuma lissafi bai cika kuɓuce mini ba. Amma ran nan ya kuɓuce.

Sani, ɗan ƙanena, zai yi aure a Agadas, ni ne kuma wakilin da zai karɓa masa auren bayan sallar Juma'a. Dangi daga Buza da Tamaske suka haɗa mota guda, za su tashi tun Laraba, don hanyar Agadas takan ci wuni sur. Idi, taubashina (mutumin da bai taɓa barina na sha ruwa lafiya ba), ya ce, "Alhaji, mun aje maka gaba, kusa da direba."

Na zaro waya. Dama na rubuta mata daga Tawa, garin da ke da filin jirgi kusa da mu, zuwa Agadas, ta ja mini layi miƙaƙƙe, ta ce jirgi awa guda ne da 'yan mintoci. Na nuna wa kowa. Na ce, "Ku tafi ku sha ramuka. Ni sai na gama cinikin Alhamis, in karya kumallo a Tawa, in yi Juma'a a Agadas." Har na ƙara da cewa talauci ne ke sa mutum sammako. (Allah ya yafe mini wannan.)

Juma'a da hantsi kabu-kabu ya sauke ni a filin jirgin Tawa: babbar riga fara, turare, ga ƙunshin goro da dabino a hammata. Wurin tsit. Ba 'yan kamasho, ba masu kiran gari. Sai mai gadi guda a inuwa yana dafa shayi.

Na ce, "Malam, wane ke lodin Agadas?"

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Lodin mi, Alhaji?"

"Jirgi mana. Mutum nawa sunka rage ya cika? In biyu ne, ni zan ɗauki kujerun mu tashi."

Ya aje butarsa a hankali. "Alhaji, nan ba tasha ba ta. Yau babu jirgi. Gobe ma babu."

Na miƙa masa waya kamar takardar kotu. Ya duba ya ce, "Gaskiya ta faɗa maka. Awa guda ne, in akwai shi. Ka tambaye ta ko akwai?"

Ban tambaya ba. Ni da ba na karɓar buhu sai na zura hannu har gindinsa.

Ko na sami mota a lokacin, sai bayan an watse zan isa. Na kira Idi na faɗa masa babu jirgi. Muguntarsa, ya buɗe muryar wayar a tsakiyar jama'a. "Ku yi shiru! Alhaji na magana daga sama! Ka hango mu? Mu ɗaga hannu?" Ina jin dariyar surukai har da tari.

Idi ne ya karɓi auren, da rigar da ya kwana biyu a ciki. Ni kuwa na zauna na sha shayin mai gadi, na bar masa goron.

Abin da na samu: yanzu kafin in tambayi nisan wuri, sai na tambayi abin hawa. Abin da na rasa: sunana. Daga Madawa har Keita, Alhaji Awa Guda ake kirana, kuma da matar Sani ta haihu, Idi ne Sani ya aika wa mota ya zo raɗin suna. Ni aka ce in taho ta sama.